Shekarar da Na Je Gidan Sufaye

Na san abin da aka gaya muku a kaina. An ce ubanku ya taɓa kwana a coci, kuma tun daga nan ya daina salla a masallacin ƙofar gidansa. Ba wanda ya taɓa tambayata a cikinku, wai kunya, amma ina ganin yadda kuke kawar da kai idan na ɗauki sandata na wuce masallacin unguwa ana tsakar kiran salla, na nufi na bakin kasuwa. Rabin maganar gaskiya ce, ɗaya rabin kuwa waɗanda suka baza ta sun san ƙarya suke yi. Yau zan faɗe ta duka, har da wurin da ni ma na yi laifi, don ba na so in mutu ku ci gaba da tsintar tarihina a teburin mai shayi.

Kakanku, Malam Habu, magini ne. Ba irin maginan yanzu masu jera bulo ba, maginin ƙasa ne, mai tubali da azara. Daga garin Katagum ya taso ya zauna a Azare tun kafin a haife ni, kuma shi ya gina tsohon masallacin unguwarmu, wanda manyanku suka yi wayo suka gani, ƙananan kuwa sai labari. Soro ne mai bakan gizo huɗu, wato lanƙwasassun ƙafafun nan da ke tasowa daga bango su haɗu a sama su ɗauke rufi ba tare da an kafa ginshiƙi a tsakar ɗaki ba. A cikin kowane baka akwai azara, tsagin giginya, an ɗaure su hawa-hawa an rufe da laka. A tsakiyar bazara, lokacin da ƙasa ke ƙona tafin ƙafa, idan ka shiga masallacin nan sai ka ji kamar ka leƙa cikin randa. Tsofaffin unguwa ba sa fita bayan azahar, nan suke miƙewa har la'asar ta same su. Ni a hannunsa na koyi gini, amma ya rasu ina saurayi, lokacin siminti ya riga ya cinye kasuwa, ba mai neman soro. Na iya bango, na iya rufin azara, na iya yaɓe. Ɗaurin baka ne bai kai ga nuna mini ba.

Yayana Inuwa, wanda kuka sani da Alhaji Babba, ya bar laka tun da wuri, ya ce shi ba zai ƙare da faso a ƙafa ba. Ya buɗe shagon siminti da kwanon rufi, Allah ya buɗa masa, kuma ban taɓa jin ƙyashinsa ba. Abin da ya haɗa mu shi ne shekarar da ya dawo daga Makka, ya ce zai yi wa masallacin Baba ado fisabilillahi. Ya sa aka yaɓe shi da siminti ciki da waje, aka shafa fenti fari da kore. Na ce masa ginin ƙasa numfashi yake yi, in ka toshe shi da siminti ruwa zai shiga ta sama ya rasa hanyar fita, ya zauna a ciki yana cin gini. Ya yi dariya a gaban mutane ya ce ƙanensa ya zama likitan bango, kowa ya dara, har da waɗanda Baba ya gina wa ɗakunan da aka haife su a ciki. Ba a yi damina bakwai ba bakan da ke gabas, kusa da inda liman ke tsayawa, ya tsage daga gindi, tsagar da hannun mutum ke shiga.

Aka kira taro bayan la'asar a gindin maina, wato darbejiyar ƙofar masallaci. Kafin in zauna na gane an riga an dafa maganar a wani wuri, zuzzubawa kawai aka zo yi. Yaya ya tashi ya gyara babbar riga.

"Jama'a, rai ya fi gini. Gobe rufin nan ya faɗo kan sahu, wa za a kama? A rushe, a yi na zamani, bulo da kwano da fanka. Siminti ni na ɗauka."

Na ce, "Yaya, simintinka ne ya kawo mu nan. Baka ɗaya ne ya tsage, ukun lafiyarsu ƙalau. Gyara ake yi, ba kashewa ba."

"To ka iya gyaran?"

Nan ya kama ni, don ya san ban iya ba. Malam Liman, tsoho ne mai sanyin magana wanda ya yi zamani da Baba, shi ya ɗaga hannu.

"Malam Garba, kwana nawa kake so ka nemo yadda za a yi?"

"Kwana goma, Allah ya gafarta Malam."

"An ba ka. Za mu riƙa salla a waje. Kafin kwana goman nan ba wanda zai taɓa ko indararo ɗaya. Ni na faɗa."

Na dawo gida ban san inda zan dosa ba. Tsofaffin maginan da suka yi aiki da Baba duk sun mutu, na ƙarshensu yana Chinade, ya makance, hankalinsa ma ya tafi. Ba kuma zan fasa gindin baka da ka ba, in je in tsinke ɗaurin da ke riƙe da rufi. Kakarku Dada tana zaune a ƙofar ɗakinta tana tsinkar zogale, ta dube ni ta ce mene ne na shigo kamar wanda aka kora daga kasuwa. Na gaya mata. Sai ta kori jikokin da ke kusa, ta rage murya.

"Akwai wani ginin ubanku. Ya fi wannan girma. Can cikin duwatsu, bayan an wuce Bauchi, gidan waɗansu Nasara masu ibada. Rani biyu ya yi a can ina amarya, shekarar da gero ya ƙi. Da abin da ya samo muka ci har kaka. Da ya dawo mutane suka sa shi a baki, wai ya gina wa Nasara ɗakin tsafi, sai ya ce kada in ƙara tayar da zancen. Inuwa ya sani, ya taɓa ji. Kai ba ka sani ba."

Na tambaye ta ko ginin yana nan. Ta ce ita ina za ta sani, amma ta riƙe sunan ƙauyen, ta faɗa mini.

Ga laifina, ku rubuta shi da babban baƙi. Da safe na je na sami Malam Liman na ce masa Kano za ni, wurin tsofaffin magina. Na ji kunyar in buɗe baki in ce gidan Kirista za ni neman ilmin gyaran masallaci. Kunyar da ta rufe bakin Baba har ya shiga kabari ita ta rufe nawa. Ya yi mini addu'a, ya ce in gaishe da Kanawa. Na fita na shiga motar Bauchi a gaban 'yan kamashon da suka san ni tun ina yawo ba wando.

Sai da na canja mota uku, na ƙarasa a bayan babur, kafin in isa, rana ta karkata. Wurin gidan sufaye ne na 'yan Katolika, maza zalla, ba sa aure, ba sa fita sai da dalili, aikinsu ibada da noma da kiwon zuma. Tun daga nesa na ga abin da ya sa na ce wa mai babur ya tsaya. A gindin dutse, tsakanin itatuwan mangwaro, ga jan gini na ƙasa da zankaye a kusurwoyinsa, sak gidan wani attajirin Katagum na da, sai dai a kan zankon tsakiya an kafa gicciye. Gindin bangon dutse ne har zuwa gwiwa, daga nan sama tubali. Indararo dogaye, sun fito sosai don kada ruwa ya lashi bango. Ban ga tsaga ko ɗaya ba. Na tsaya a bakin ƙofa ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, don ban taɓa taka irin wurin nan ba, kuma abin da aka cusa mana a kai tun muna yara ba kaɗan ba ne.

Wanda ya fito mini tsoho ne tukuf, baƙi siriri, da doguwar riga mai ruwan toka da ta sha wanki, ƙafarsa duk ƙasar gona. Suna kiransa Fada Yohanna. Hausarsa irin ta mutanen dutse ce, amma ba abin da ya ɓace mini. Na ce ni magini ne daga Azare, ɗan Malam Habu. Sai ya saki fartanyar da ke hannunsa.

"Malam Habu na Katagum? Mai waƙa in yana yaɓe?"

Ban san Baba yana waƙa ba. A gida ko murmushinsa sai an yi da gaske. Fada ya ce yana sabon shiga gidan aka yi ginin, su ne masu miƙa tubali. Ya kama hannuna biyu ya juya su yana kallo, ya ce hannun ne, ba shakka. Ya kai ni ɗakin baƙi a wajen katanga, ya kawo tabarma da buta, ya nuna mini gabas da kansa tun ban tambaya ba, ya ce ubana ma a nan yake sallarsa, kuma abincinsu wake ne da doya da ganye, ba abin da zai dame ni. A wannan ɗakin na kwana duk kwanakin da na yi. Wannan shi ne cocin da aka ce muku ubanku ya kwana a ciki.

Da safe ya zaga da ni. Tsakar gidan murabba'i ce, da rijiya a tsakiya da itatuwan lemo, baranda ta kewaye ta ta ko'ina, kowace fuska ƙananan bakuna a jere, ɗakunan kwanansu suna buɗewa a cikinta. Ya ce Turawan da suka kafa gidan su suka zo da tsarin tsakar gidan daga ƙasarsu, a takarda, amma ba su da dutsen sassaƙa ba su da mai sassaƙawa, sai wani a cikinsu da ya taɓa ratsa ƙasar Katagum ya ce ya ga masu tayar da baka da laka. Shiru ne a wurin, ba ka jin komai sai kurciya da ƙarar guga, sai ƙararrawa in lokacin ibadarsu ya yi, kowa ya ajiye abin da yake yi ya wuce ba magana. Daga nan muka zo babban ɗakin ibadar. Na tsaya a ƙofa. Ya ce in ban so shiga ba ba komai. Na ce gini na zo gani, na tuɓe takalmina na shiga.

Akwai gumaka da hotuna a ciki, na kawar da idona daga kansu, ba su na zo gani ba. Sai na ɗaga kai sama. Baka shida, kowanne ya ninka na masallacinmu, sun taso daga bango sun haɗu a sama kamar yatsun hannu biyu da aka sarƙe. An bar ƙananan tagogi can sama ta gabas da yamma, haske yana saukowa a hankali, iska tana ratsawa. Sanyin nan ne dai, sanyin masallacinmu, da ƙanshin makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa da ake yaɓe da shi. Yaɓen ba a goge shi ba, sawun tafin hannu yana nan a jere, kuma na san hannun, don Baba yana da karkataccen ɗan yatsa da azara ta taɓa dannewa. Na zauna a ƙasa na yi kuka, ni da gemuna, a gaban mutumin da ban sani ba jiya.

Da na natsu na gaya masa abin da ya kawo ni. Ya ce in biyo shi. A gindin kowane baka, daidai ƙugu, akwai wani wuri kamar faɗin faifai inda yaɓen ya ɗan bambanta, an ja masa layi uku da yatsa. Ya ƙwanƙwasa, na ji wurin yana amsawa.

"Ƙofar dubawa ce. Ubanka ya ce baka daga gindi yake mutuwa, don nan ruwa ke taruwa, nan gara ke fara ci. Saboda haka azarun ƙasa bai ɗaure su da na sama ba, cusa su ya yi ya danne da 'yan guntaye. Bayan shekara biyu-uku mu fasa nan, mu sa hannu mu taɓa. Wadda ta ruɓe a tokare bakan, a zare ta, a cusa sabuwa, a mayar da laka."

Na ce, "Tun yaushe kuke yin haka?"

"Tun da ya tafi. Ya ce kafin ruwan fari a hau rufi ba takalmi, a bi shi da dunduniya, inda ya yi laushi a cike. Ya ce ranar da muka bar siminti ya taɓa bangon nan, mu fara neman wani wurin ibada. An sha kawo mana siminti kyauta, muna godiya mu yi dakalin rijiya da shi."

A nan ne fushin ya fara, kuma har yau bai sauka ba. Mutanen da ba addininmu ɗaya ba, ba garinmu ɗaya ba, sun riƙe maganar Baba kamar wasiyya, tsoho yana gaya wa sabon shiga, shekara da shekaru. Mu kuwa da muka fito daga tsatsonsa, ɗaya ya lulluɓe aikinsa da siminti don a ce Alhaji ya yi abin kirki, ɗaya kuma ya tsaya yana kallo bai ma san akwai ƙofa a wurin ba. Na tuna tun ina yaro ina ganin layi ukun nan a gindin bakunan masallacinmu, na ɗauka ado ne. Unguwa guda ta bi bayan fenti kore kamar ba a taɓa yi musu gini ba.

Fada ya ce jibi za su sauya azara a baka na uku, in tsaya in sa hannuna. Na lissafa na ga ina da sauran kwanaki, na tsaya. Muka tokare bakan da gungume biyu, muka fasa ƙofar, na zura hannu har kafaɗa, na ji ɗaurin Baba da yatsuna, igiyar kaba tana nan daram. Muka zare azara ɗaya da gara ta ci, muka cusa sabuwa, muka danne. Tsakanin hantsi da azahar aka gama. Aikin ke nan da aka ce sai an rushe masallaci a kansa. Ranar da zan taho Fada ya rako ni har bakin hanya, ya ba ni kwalbar zuma ya ce in kai wa matar Malam Habu. Wayata ba ta kama ko sau ɗaya ba a cikin duwatsun nan, kuma ban damu ba, don na bar maganar liman a bayana.

Ranar kwana na bakwai na sauka a tashar Azare bayan la'asar. Mai babur ɗin da ya ɗauke ni ɗan unguwarmu ne, muna tafe ya ce, "Baba, sannu da hanya. Ashe kuma an fasa jiran naka." Ban gane ba sai da muka sha kwana. Babu rufi. Baka uku suna ƙasa, lebura sun fi goma da diga da gatari, suna sara suna haki, don azarun Baba sun ƙi karyewa, kwana biyu suna fama. Abin da ya rage a tsaye ƙafar bakan gabas ce kawai, mai tsagar, ita suka bari ƙarshe don suna tsoronta. Yaya yana zaune a kan benci a gindin maina da mutanensa, an riga an sauke bulo a gefe.

Ban yi sallama ba. Na fizge diga daga hannun wani lebura, na nufi ƙafar bakan, na sari simintin daidai ƙugu. Ya ɓare kamar ɓawon gyaɗa, lakar da ke bayansa jiƙe sharkaf. Ga layi uku. Na fasa, na zura hannu, na zaro azara biyu da suka ruɓe suka zama kamar dusa. Na laluba sauran, suna nan daram kamar ƙarfe. Na ɗauko ruɓaɓɓun na zubar a gaban Yaya, har garin ya hau masa riga.

"Ga abin da ka rushe masallacin ubanka a kansa. Azara biyu. Aikin hantsi ɗaya. An ba ni kwana goma, yau bakwai. Wa ya ba ku izini?"

Ya kakkaɓe rigarsa a hankali, bai ko tashi ba.

"Kwana goman na wanda ya tafi Kano ne. Kai ina ka je? Faɗa wa jama'a inda ka kwana."

Lebura suka dakata.

"Na je inda Baba ya yi gini."

"Coci. Ku ji da kunnenku. Abin da Baba ya binne har ya mutu, shi wannan ya je ya tono. Da hannun da ya shafa bangon coci zai zo ya gyara mana alƙibla?"

Na ce hannun da ya gina cocin shi ya gina alƙiblar, kuma da kuɗin aikin aka sayi geron da uwarmu ta ci ta shayar da shi. Na ce masa shi ba tsoron Allah ne ya dame shi ba, so yake a ga sunansa a jikin sabon bango. Na juya kan sauran, na kira su ɗaya bayan ɗaya da sunan iyayensu, na tuna musu wanda ya rufa wa kowannensu ɗaki. Ba wanda ya ɗago kai, kuma ba wanda ya ce a dakata. Sai na ɗaga hannu a gaban kowa na rantse da Allah goshina ba zai taɓa ƙasa ba a cikin abin da za su gina a wurin. Kafin magariba suka ture ƙafar da ta rage. Azarun kuwa wani mai gidan burodi ya kwashe.

Washegari na je wa Malam Liman da niyyar in gaya masa abin da ban taɓa gaya wa malami ba. Na same shi a zaure, ya rame a kwana bakwai. Ya bar ni na zazzage duka, cewa ya ci amana, cewa maganarsa ba ta kai ta ɗan kamasho ba. Da na gama ya ce in zauna.

"Garba, ka zo nan ka dube ni ka ce Kano. Kwana uku da tafiyarka yayanka ya kawo mini mutum uku da suka gan ka a motar Bauchi, ya faɗi inda ka tafi a gaban jama'a. Suka ce, Malam, ka sani? Na ce ban sani ba. Suka ce to wanda ya yi maka ƙarya a kan hanya, me zai hana ya yi maka a kan rufin da zai faɗo mana a ka? Me zan ce musu? Alkawarina a kan maganarka na ɗora shi. Na san ubanka ya yi ginin nan, ni ya fara gaya wa da ya dawo, na ce masa gumin halal ne. Da ka ce mini can za ka, da na shimfiɗa buzuna a ƙofar masallacin na zauna, in ga mai ɗaga diga."

Na tashi na fito, ko sallama ban iya yi masa ba. Ya aiko mini daga baya cewa rantsuwa irin wannan tana da kaffara, in ciyar da miskinai goma in dawo cikin jama'a. Na ce a gaya masa na ji. Shinkafar miskinai goma ba ta fi ƙarfina ba, zuciyar ce ba ta sauko ba. Dada ta karɓi zumarta ta ajiye, ba ta taɓa buɗewa ba, kuma har ta rasu ba ta ƙara haɗa ni da Yaya a ɗaki ɗaya ba, don ta san abin da zai faru.

Sabon masallacin kun san shi. Da bazara fanka shida ne ke juya zafi, in an ɗauke wuta kuwa tsofaffi a waje suke salla, a gindin maina. Ban ce sallarsu ba ta karɓu ba, Allah ba ya duba rufi. Na dai ce an kashe abu mai rai saboda azara biyu, kuma ƙaryata ce ta miƙa musu digar. Aikin kakanku da ya rage a tsaye a duniya guda ɗaya ne, yana can gindin dutse a hannun sufaye. Wanda ya so a cikinku ya je ya gani, kuma in zai tafi ya faɗi inda za shi da ƙarfi, a tasha, kowa ya ji.

Ni da Yaya muka yi shekara goma sha ɗaya muna gaisuwar hanya, irin ta mutanen da suka taɓa haɗuwa a mota. Sau biyu yana aiko mini da shadda lokacin bikin salla, ina mayarwa. Da ya kwanta ciwo innarku ta yi ta roƙona in je, na ce gobe, goben ta zo da rasuwarsa. Aka fito da shi ƙofar masallacin da ya gina, a daidai inda bakan gabas yake a da, aka ce ƙaninsa ya matso. Na tsaya a sahun farko, kafaɗata tana gogar ta 'ya'yansa. Liman ya yi kabbara, kuma abin da ya zo mini a rai a lokacin, da gawar ɗan'uwana a gabana, shi ne sallar gawa ba ta da sujada, don haka rantsuwata ba ta karye ba. Sai da aka sallame na tuna ban roƙa masa gafara ba.